Gamba, hakin da rani ba ya kashewa

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Maraɗi zuwa Madarunfa cikin watan Oktoba, lokacin da manoma suka duƙufa ga girbin hatsi, zai ga wani dogon haki tsaye a bakin gonaki, jere kamar an ja masa igiya, ya fi mutum tsawo, kansa fari-fari yana ƙyalli idan rana ta karkata. Wannan haki shi ne gamba. Tun daga Gaya har Magarya babu ɗan ƙauyen da bai san ta ba, domin da ita ake saƙa zanar da ke rufa asirin gida, da ita ake kewaye rumbun da ke ɓoye cimakar shekara, kuma a wurare da yawa da karanta mai kauri almajiri ke feƙe alƙalaminsa. Amma duk garin da aka zauna da tsofaffi, magana guda suke yi: gambar da ake gani yau a kan iyakar gona, a da daji ne cike da ita, har makiyayi kan shiga da garkensa ya ɓace wa ido. Idan aka tambayi abin da ya kore ta, amsar da ke saurin fitowa ita ce fari. Lalle fari yana da nasa laifi. Sai dai wanda ya duba yadda Allah ya halicci wannan haki zai gane cewa fari kaɗai bai isa ya kai shi ƙasa ba.

Masanan tsirrai suna kiran gamba Andropogon gayanus. Wani Bajamushe mai suna Kunth ne ya rubuta wannan suna a shekara ta 1833. Kalmar farko daga harshen Girka take, ma'anarta gemun namiji, saboda farin gashin da ke lulluɓe da kanta idan ta huda. A wajen dangantaka, gamba ƴar ɗaki guda ce da dawa da masara da rake da jema da tsaure da tofa. Hatsi kuwa ɗan'uwa ne na nesa kaɗan. Wani abin lura shi ne sunanta na Hausa bai tsaya a ƙasar Hausa ba: har a Ostiraliya, can ƙarshen duniya, gamba ake ce mata.

Ranta yana ƙarƙashin ƙasa

Yawancin hakin da bisashe ke ci a ƙasar Nijar mai shekara guda ne. Ƙarangiya da komayya da kyasuwa da gude-gude duk haka suke. Ruwa ya sauka su tsiro daga iri, cikin wata biyu ko uku su girma su zubar da ɗiya, sa'an nan su mutu gaba ɗaya, daga ganye har saiwa. Abin da ke tsallake rani a wurinsu shi ne ƙwayar irin da ke kwance cikin rairayi. Gamba ba haka take ba. Ganyenta da karanta suna bushewa kamar na kowa, amma gindinta yana nan da rai, yana jiran wata damana, kuma yana iya yin shekaru masu yawa a wuri guda yana ƙara faɗi. A watan Agusta, sa'ad da ko'ina ya yi kore, ba a rarrabe mai shekara guda da mai daɗewa. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Sai an shiga bazara, ƙasa ta yi fari fat, sa'an nan ake ganin koren tofo yana leƙowa daga tsakiyar busasshen gindin gamba, tun kafin ɗigon ruwa ya taɓa ƙasa.

Asirin wannan yana ga saiwa, wadda ta kasu iri uku, kowace da aikinta. Akwai sirara masu yawa kamar gashi, waɗanda ke bazuwa kusa da fuskar ƙasa, har su yi nisa da gindin. Su ke tsotse ruwan yayyafi wanda bai nutsa ba. Akwai masu kauri kamar igiya, waɗanda ke riƙe gindin kada iska ko bakin saniya su tumɓuke shi, kuma cikinsu ne gamba ke tara abincinta na ajiya. Akwai kuma masu nutsawa tsaye can ƙasa, su bi laimar da ta rage bayan saman ƙasa ya bushe. Wato dai gamba tana da rijiya, tana kuma da rumbu. Shi ya sa take iya jure rani na wata tara.

Ganyenta dogo ne, da farin layi a tsakiya, kuma wajen gindinsa yakan tsuke har ya zama kamar tsinke. Sabon ganye yana da gashi mai laushi. Kamar dawa da hatsi, tana cikin tsirran da ke iya sarrafa abincinsu cikin tsananin rana da zafi ba tare da ɓarnar ruwa mai yawa ba. Inda ƙasa ke da kyau kuma ruwa ya wadata, karanta yakan kai metir 3, wani lokaci har 4. A jigawar arewa ba ta kai haka ba. Ba ta da zaɓen ƙasa ƙwarai: tana yi a rairayi, tana yi a jar ƙasa mai tsakuwa, tana haƙuri da ƙasar da ta gaji.

Abin da take bukata shi ne ruwan sama daga wajen milimetir 400 zuwa 1500 a shekara. Idan aka ɗora wannan awo a kan taswirar Nijar, sai a ga inda matsala take. Gaya tana samun wajen milimetir 800, nan gamba tana cikin gidanta. Yamai da Maraɗi suna samun 500 da wani abu a shekara mai kyau. Damagaram da Tawa kuwa suna kan bakin iyaka, shekara ta kai 400, shekara ta kasa. Arewa da nan, gamba ba ta zama sai cikin kwari da gindin tudun rairayi, inda ruwa ke taruwa. Saboda haka mafi yawan ƙasar noma ta Nijar tana gefen arewa na mazaunin wannan haki, inda kuskure kaɗan ke isa ya kashe shi. Masana sun rarrabe ta iri-iri: akwai ta busasshiyar jigawa, gajera; akwai ta fadama, wadda ke jure kwanciyar ruwa na ɗan lokaci; akwai kuma manyan na kudu, masu yawan ganye.

Hudar gamba tana da abin mamaki. Ba ruwa take bi ba, tsawon yini take bi. Ko damana ta faɗi da wuri, ko ta makara, gamba ba ta fitar da kai sai yini ya ragu, wato daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Kowane reshe na kan yana ƙarewa da yatsu biyu a buɗe, kamar bakin almakashi. A jikin kowane yatsa furanni suna zaune biyu-biyu: ɗaya manne, shi ke da namiji da mace, shi ke yin ƙwaya, yana da dogon tsinke mai lanƙwasa kamar gwiwa, ɗayan a kan ɗan sanda, namiji ne kawai. Iska ce ke ɗaukar garin namiji daga wannan gindi zuwa wancan. Idan ƙwaya ta faɗi, tsinken nan yakan murɗe ya warware bisa ga laima da bushewa, da haka yake tura ta cikin ƙasa a hankali.

To, a nan ne raunin gamba yake. Ɗiyan suna da yawa a ido, amma da dama cikinsu ƙaiƙayi ne, babu ƙwaya. Waɗanda ke da ƙwaya, duk da rashin nauyinsu, mafi yawa kusa da uwar suke faɗuwa. Ba su kuma daɗewa da rai cikin ƙasa kamar irin ƙarangiya. Wadda ta tsiro, shekararta ta farko ƙarama ce, marar ƙarfi, hakin shekara guda yana rufe ta, akuya kuma tana iya fizge ta har saiwa. Tsohuwar gamba tana da wuyar kashewa, jaririyar gamba tana da wuyar rayawa. Duk labarin ɓacewarta yana cikin wannan.

Yadda daji ya rasa ta

Rumbun da ke cikin saiwa yana da lokacin ɗiba da lokacin zubawa. Da bazara da farkon damana gamba tana ɗiba daga ajiyarta don ta yi tofo. Idan ganye ya yi yawa, sai ta soma biyan bashi, kuma wajen ƙarshen damana take mayar da abinci ƙasa don rani mai zuwa. Idan bisashe suka cinye tofon, ta sake ɗiba ta yi wani. Suka sake cinyewa, ta sake ɗiba. Rumbun da ake ɗiba ba a zubawa, kowa ya san ƙarshensa. A ƙarshen shekarun 1970, masana na ƙasar Mali da na Holand sun yi dogon bincike a kan makiyayar Sahel a yankin Niono, kuma cikin abin da suka gani har da wannan: yawan yankan gamba cikin damana yana rage ƙarfinta. Idan fari ya tarar da gindin da aka riga aka talauta, sai ya ƙarasa shi.

A zamanin da ƙasa ke da yalwa, manomi yakan noma gona ƴan shekaru, in ta gaji ya bar ta saura ya koma wata. A shekarun farko hakin shekara guda ne ke rufe sauran. Bayan shekara biyar ko fiye sai gamba ta soma shiga, har ta mamaye wurin. Binciken da aka yi a kan saura a Burkina Faso ya tabbatar da wannan jeri, manoma kuwa sun daɗe da saninsa: idan gamba ta kafu, ƙasa ta huta, ana iya komawa. Ba alama kawai ba ce. Saiwoyinta masu yawa suna mutuwa suna sabuntawa kowace shekara, suna ruɓewa cikin ƙasa, suna barin taki da ƙananan hanyoyin da ruwa ke bi ya nutsa maimakon ya gudu.

Wannan tsari yana bukatar fili, fili kuwa ya ƙare. Ƙidayar shekara ta 1977 ta sami mutum miliyon 5 da ɗoriya a Nijar. Ta 1988 ta sami miliyon 7 da ɗoriya. Ta 2012 ta sami miliyon 17. Tun kafin haka, noman gujiya ya cinye daji mai yawa a jahohin Maraɗi da Damagaram cikin shekarun 1950 da 1960. Garmar shanu, wadda ta sauƙaƙa aiki, ba ta shiri da gindin gamba, sai an tumɓuke shi kafin ta wuce. Dokar ranar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa don a bar wa makiyaya ƙasarsu, amma gonaki sun tsallake ta tuntuni. Saura ta ragu daga shekaru masu yawa zuwa biyu, zuwa ɗaya, a wurare da dama ma babu ita sam. Garkunan da a da ke warwatse cikin daji mai faɗi suka taru a ɗan abin da ya rage, da kewayen manyan rijiyoyi, suna cin tofo guda sau uku sau huɗu.

A cikin wannan hali farin 1968 zuwa 1974 ya zo, na 1984 ya biyo baya. Shanu masu ɗimbin yawa suka mutu, gamba ma ta mutu a wurare masu faɗi. Da ruwa ya ɗan dawo daga shekarun 1990, ƙarangiya da komayya suka dawo tare da shi, domin irinsu yana kwance yana jira. Gamba ba ta dawo ba. Uwayen sun mutu, irin da suka bari ya lalace, kuma babu wata kusa da za ta zubar da sabo. A burtuloli da makiyayu da yawa na jahar Maraɗi, abin da ya gaji wurin shi ne garmani, wanda bisashe ba su damu da shi ba.

Abin da aka yi hasara

Makiyayi ne ya fara jin zafin rashin. Busasshiyar gamba ba abinci ba ce na kirki, wannan gaskiya ne. Sinadarin gina jiki da likitocin bisashe ke kira furotin yana kai kashi 7 zuwa 10 cikin 100 a ɗanyen ganye, amma idan ta tsufa ta bushe yakan faɗi ƙasa da kashi 3, alhali saniya tana bukatar wajen kashi 7 don kada ta rame. Darajar gamba ga makiyayi tana ga lokacin da take zuwa. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da busasshen haki ya ƙare ko ya zama ƙura, shanu sun rame har ana tayar da wasu da hannu, tofon gamba shi ne kore na farko. Ɗan abin da saniya ta samu a makonnin nan yakan raba ta da mutuwa. Inda gamba ta ɓace, sai a jira ruwa ya sauka, a kuma jira sabon haki ya kai abin kamawa da baki.

Manomi kuma iska ce ta nuna masa abin da ya rasa. Kowa ya san guguwar da ke tasowa daga gabas gaban hadarin farkon damana. Idan gona tana fili tsirara, iskar tana kwasar rairayi tana bulalar ƙaramin hatsi, ta ƙone shi ko ta binne shi, sai a sake shibka sau biyu ko uku, iri ya ƙare, damana kuma tana tafiya. Abin da iska ke ɗauka ta tafi da shi nesa kuwa shi ne lallausar ƙasa, wadda ta fi kowace albarka. A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, wajen kilometir 40 kudu da Yamai, an gwada jera gamba a gicciyen iska cikin shekarun 1980 da 1990. An ga tana tare rairayi ƙwarai, har ƙasar da ke gindinta ta yi tudu ta fi sauran gonar. Ruwa mai gudu ma haka take yi masa: ta rage masa sauri, ya ajiye abin da ya ɗauko.

Ba za a ɓoye ba, manoma suna da ƙorafi a kanta, kuma ƙorafin yana da tushe. Layin hatsin da ke dab da gamba yakan ƙanƙance, domin saiwoyinta na sama suna raba ruwa da shi. Tana kuma ba tsuntsu da ɓera da maciji maɓoya. Mai gona ƙarama, wanda kowane taki na ƙasa ke da lissafi a wurinsa, yana da dalilin yin jinkiri. Amma a sa hasarar layi guda a ma'auni, a sa zana da yantar baibaya da tofon bazara da shibkar da ba a maimaita ba a ɗaya gefen. Zana kuɗi ce a kowace kasuwa, kuma ana ganin jakai da raƙuma da amalanke suna shiga da ita Yamai da Maraɗi da rani. Gidan da ba shi da gamba saye yake yi duk lokacin da zanarsa ta ruɓe.

A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron Maraɗi a kan kokowa da hamada, kuma tun 1975 ake dasa itatuwa ranar 3 ga Agusta ta kowace shekara. An ci riba mai yawa a wajen icce, musamman da manoman jahohin Maraɗi da Damagaram suka rungumi renon tofon kututture a gonakinsu, har gawo da kalgo da sabara suka sake rufe ƙasa mai faɗi. Sai dai a cikin wannan kokowa haki bai sami rabonsa na magana ba. Icce ne ake ɗauka hoto, shi ake ƙirgawa cikin rahoto. Alhali icce yana tare iska daga sama, rairayin da ke cutar hatsi kuwa dab da ƙasa yake tafiya, daidai inda gindin gamba yake.

Abin da wasu ƙasashe suka yi da ita

Yayin da gamba ke ja da baya a Sahel, wasu sun zo nemanta. A shekara ta 1973 aka ɗauki irinta daga tashar binciken bisashe ta Shika, kusa da Zariya a Najeriya, aka kai cibiyar CIAT a ƙasar Kolambiya. Kudancin Amurka yana da filaye masu faɗi waɗanda ƙasarsu ke da tsami, ba ta da albarka, hakin kiwo mai kyau ba ya kama ta. Gamba ta kama. A 1980 Kolambiya ta fitar da ita ga makiyaya da sunan Carimagua 1, Birazil kuma da sunan Planaltina, daga nan ta bazu zuwa wasu ƙasashen yankin, ana shibka ta kamar yadda ake shibka hatsi, ana kiwon shanu a kanta.

Labarin Ostiraliya dabam ne. An kai ta can tun cikin shekarun 1930 don gwaji, aka fitar da wani iri mai suna Kent a 1978, masu garkunan arewacin ƙasar suka shibka. Sai ta tsallake shinge ta shiga daji, musamman kudu da birnin Darwin. A can babu mai saƙa zana, babu mai baibaya da ita, kuma a cikin daji babu garken da zai rage ta. Ta yi tsawo ta yi kauri, ta ninka hakin ƙasar sau da yawa wajen nauyi, kuma tana bushewa a makare, lokacin da zafi da iska suka fi tsanani. Masanan ƙasar sun auna cewa gobarar gamba tana iya kai ninki 8 na zafin gobarar hakinsu na asali, tana hawa har kan itatuwa tana kashe su. A 2008 jahar Arewa ta sa ta cikin miyagun tsirrai, a 2012 kuma aka sa ta cikin jerin waɗanda ƙasar baki ɗaya ke yaƙi da su. Ana kashe kuɗi mai yawa ana fesa mata magani.

Haki guda ne, halinsa guda. A can ya rasa mai taɓa shi ya zama annoba, a nan hannu da baki sun yi masa yawa ya ƙare. Wannan ya isa shaida cewa gamba ba raguwa ba ce, kuma ba ƙasar Nijar ce ta ƙi ta ba.

Maganar wuta ma tana bukatar a rarrabe. Wuta ba ta kashe gindin gamba, domin idanun da ke tofo suna dab da ƙasa, a ɓoye cikin tushen. A gandun daji na W, inda gamba da danginta ke da yawa, ma'aikatan gandun daji suna sa wuta da wuri, bayan ɗaukewar ruwa, tun haki bai gama bushewa ba, don ta ci sama-sama, namun daji su sami tofo. Amma abin da ya dace da W bai dace da Dakwaro ko Tanut ba. Inda hakin shekara guda ne kaɗai abincin bisashe, gobara guda tana cinye cimakar wata takwas, babu kuma tofon da zai biyo baya.

Ta koma inda take da mai ita

Abin da ya cece ta a kudancin Nijar shi ne manoman da suka ɗauke ta daga daji suka kai bakin gona. A daji gamba ta kowa ce, wanda ya riga ya yanka, kuma tsoron kada wani ya riga shi yana sa mutum ya yanke ta ɗanya, tun ba ta zubar da ɗiya ba. A kan iyakar gona kuwa tana da mai ita. Yana hana a taɓa ta da damana, tun da bisashe ba su shiga gonaki, wato daidai lokacin da take cika rumbunta. Yana yanka bayan ta ƙosa. Ba da niyya ba, tsarin noma ya ba ta hutun da daji ya daina ba ta.

Ta kuma zama shaida. Dutsen iyaka ana iya gusar da shi da dare, amma gindin gamba mai shekara goma ba ya tashi ba tare da ya bar rami ba. Masu gari da hakimai sun san haka, kuma tun da dokar ƙasar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin filaye, jerin gamba yana cikin alamun da ake dubawa idan maƙwabta suka yi jayayya. Ana samun rigima a kan ita kanta gambar, ko ta mai gonar gabas ce ko ta mai gonar yamma. Maganinta shi ne a yi magana gaban shaidu tun ranar dasawa.

Dasawar ba ta da wuya, kuma ta fi shibka tabbas. Idan damana ta zauna, daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta, ana samun tsohon gindi a tsaga gefensa da gatari ko hauya, a raba shi ƙanana, kowane da saiwarsa da ƴan karare. A datse ganyen a bar kamar taƙi guda, a dasa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa a taka sosai, tsakanin wannan da wancan kamar kamu ɗaya, layin kuma ya gicciye iskar gabas ko hanyar ruwa. Ba a tumɓuke uwar duka. Idan aka ɗauki gefe aka mayar da ƙasa, takan cike gurbin. Wanda zai yi da iri, sai ya tara shi a Oktoba ko Nuwamba sa'ad da ya soma kakkaɓuwa da kansa, ya ajiye a busasshen wuri, ya shibka a damana mai zuwa, kada ya bari ya shekara biyu, kada kuma ya binne shi da zurfi. A Yatenga ta Burkina Faso ana jera ta a bayan layukan duwatsu. A ƙasar Nijar ma ana watsa irinta a cikin ramukan rabin wata da ake gina wa fako. A kowane hali, shekarar farko sai da tsaro. Wajen yanka kuma a bar taƙi guda sama da ƙasa, kada lauje ya sari idanun tofo.

Inda aiki ya rage shi ne filayen jama'a: makiyayu da burtuloli da fakon da aka farfaɗo da shi da kuɗin hukuma. Sau da yawa ana watsa iri, ya tsiro, mai gadi ya tashi da ƙarewar aikin, shekara biyu a koma gidan jiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta sa ƙa'ida a kan kwasar haki, amma ba doka ce za ta tsaya a bakin fili ba. Kowace shekara magabata suna zama da sarakuna da wakilan manoma da na makiyaya su tsayar da ranar sakin gonaki. A irin wannan zama ana iya tsayar da abu biyu game da filin da aka dasa gamba: wane yanki ne za a hutar da damanar bana, da kuma ranar da za a buɗe yanka, wadda ba za ta zo ba sai ɗiya sun zuba.